Ɗaurin Masta Isaka

Rashid ne ya tsokano ni. Ina zaune a majalisarsu ta bakin gwatar Nima, babbar magudanar ruwan unguwarmu a Accra, inda suke dafa shayin ataya bayan la'asar, sai wata babbar mota ta wuce a titi. Ya bi ta da kallo ya ce, "Chale, wannan aiki ba wahala koraa. Ka zauna kawai, ka riƙe sitiyari, ka ga ƙasashe kyauta." Sauran suka yi dariya suna satar kallona, don sun san inda maganar ta dosa. Rashid ɗan ƙanwata ne, okada yake ja, kuma tafiya mafi nisa da ya taɓa yi a duniya ita ce Kasoa, nan bayan gari. To ku gyara zama. Ni Seidu na yi fiye da rabin rayuwata a kan hanyar Accra zuwa Nijar ina ɗauko albasa, kuma tuƙi shi ne ƙaramin abin da ke cikin aikin.

Aikin farko da Masta Isaka ya ba ni, ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa a unguwar Maamobi, shi ne naɗe igiya. Na zaci wasa ne. Ya jefo mini ita a ƙasa, doguwa mai kaurin babban yatsa, ya ce in naɗe ta yadda in an cilla ta saman mota za ta warware da kanta ba ta harɗe ba. Na naɗe, ya cilla, ta dunƙule a sama ta faɗo mini a ka. Ya ce in sake. Haka muka wuni. Sitiyari kuwa sai da na yi shekaru ina yaron mota, abin da nan Accra ake kira aplanke, kafin ya bari in taɓa, shi ma a filin da babu ko akuya. Masta gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana, in kuwa ya yi to gyara ne zai yi maka. Yakan ce kowane wawa zai iya tuƙa mota, amma direba shi ne wanda aka ba shi kayan mutane ya kai su yadda aka ba shi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Jak, sifana, katakon tare taya, tamfol, sai igiya. Duk wanda ka rasa a cikinsu za ka iya ara a hanya, ban da igiya, don Masta ba ya ɗaure kaya da igiyar da bai san tarihinta ba. Lodin albasa na farko da na gani a Galmi, can Nijar, buhuna sun haura jikin mota har na ce a raina wannan ba za ta kai ko Dosso ba. Masta ya hau sama da kansa. Ya sa aka jera buhunan ana saɓa su kamar ginin bulo, ya cilla igiya, ya sauko ya maƙala ta a ƙugiyar gefe, ya yi ƙulli, ya rataya nauyinsa duka a kanta har ta yi ƙara. Daga nan ya kaɗa ta da yatsa kamar mai gwada tsirkiyar molo. In sautin bai yi masa ba, sai a kwance a sake, ko da rana ta kusa faɗuwa. Ku dubi tafin hannuna. Wannan kantar duk ta igiya ce, sitiyari ba ya yi wa mutum haka.

Albasa kuma ba siminti ba ce da za ka loda ka manta. Abu ne mai rai, tana numfashi, tana gumi. In ka rufe ta ruf da tamfol ta dahu a ciki, in ka bar ta a buɗe ruwan sama ya same ta ta ruɓe. Saboda haka idonka ɗaya yana kan titi, ɗaya yana kan sama. Duk inda muka tsaya, kafin Masta ya nemi abinci sai ya zagaya motar yana shinshina ta kamar mai neman inda ɓera ya mutu. In ya ji ɗan tsami, to a buɗe tamfol, a juya motar ta fuskanci iska.

Masu kayan namu yawanci matan kasuwar albasa ne. Ba mace ɗaya ke da mota guda ba, haɗuwa suke yi, kowace ta sa alamarta a bakin buhu, wata jan zare, wata shuɗin fenti. Shugabarsu Hajiya Memuna ce, ta nan Nima, mace mai faɗa da kyauta. In ka iso da kaya lafiya ta aiko maka da waakye, shinkafa da wake, har gida, in ka iso da buhu a fashe kuwa duk kasuwa sai ta ji sunan kakanka. Tun tana budurwa Masta ke ɗauko wa mahaifiyarta kaya, har ya koma ɗauko mata, kuma ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba.

Sai iyakoki, waɗanda Rashid ke kira ganin ƙasashe kyauta. Daga Aflao ka shiga Togo, daga Togo ka shiga Benin, ka miƙe arewa har ka gaji da miƙewa. Kwastan ya koma duwan, ɗan sanda ya koma jandarma, Turancinka na Nima ya daina aiki, sai Hausa ta cece ka. A kowace iyaka layi ne na manyan motoci iya ganinka. A ƙarƙashin mota kake girki, a nan kake salla, a nan kake wanki, kuma ba ka isa ka yi nisa ba, don da layi ya motsa ba ka nan an tsallake ka. Ƙasashen da na gani ke nan, ƙarƙashin mota a ƙasa huɗu.

Iyaka ta ƙarshe ita ce gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar, a kan kogin Kwara. Ranar da na fara hawa ta na leƙa ta taga, na ga ruwa ba iyaka. Na waiwaya in yi wa Masta magana, sai na ga ya kashe rediyo, ya kafe idonsa a gaba, leɓensa na motsi. Bai daina ba sai da tayar baya ta taka ƙasa. Ashe haka yake yi kullum. Mutumin da ba ya tsoron ɗan fashi ba ya tsoron gangara, ruwa yake tsoro. Ba abin mamaki ba ne. Mu 'yan Zongo wane kogi muka sani ban da wannan gwatar da kuke zaune a bakinta? Ko shi ko ni, babu wanda ya iya iyo.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai aka rufe wannan gada, ita ce mummunar shekararmu. Lokacin na daɗe da samun motar da nake ja, Masta kuma ya tsufa, gemu ya yi fari fat, 'ya'yansa na ta roƙonsa ya ajiye makulli yana cewa sai baɗi. Rufewar ta same ni a gefen Benin da lodin gishirin garin Ada, za ni arewa. Shi kuma ta same shi a gefen Gaya, ya taso daga Galmi da albasar su Hajiya Memuna, cike da mota. Da farko mun ɗauka abin kwana biyu ne. Mun saba a rufe da safe a buɗe da yamma. Sai muka wayi gari muka ga an gindaya manyan kwantenoni a kan gadar, an toshe ta. Na tsaya ina kallo baki buɗe. A duk shekaruna na hanya ban taɓa tunanin za a iya kulle gada kamar ƙofar shago ba.

Kuma damina ce. Da rana zafi, da yamma hadari. Gishirina bai dame ni ba, na rufe shi da kyau. Amma motocin albasa da suka riga suka ƙetaro suka maƙale kusa da ni, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wani baƙin ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashinsu, ya taru ya yi kwata, ƙuda suka rufe wurin. Wari ya hana mu cin abinci. Na ga babban mutum, mai jikoki, ya buɗe buhu ya sa hannu, hannun ya nutse har gwiwa kamar a cikin koko, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Kullum in na kira Masta a waya sai ya ce tasa tana nan da sauranta, yana buɗe ta yana juya ta, amma na ji a muryarsa cewa ta fara tsami.

Hajiya Memuna ta kira shi, ta kira ni. Ta ce in gaya masa, tunda ita ya ƙi jin tata. "Seidu, ka faɗa ma Masta, albasa in ya ruɓe ya ruɓe. Ba shi ya rufe boda ba. Mu mun yafe, shi ya zo gida kawai." Na isar da saƙo. Masta ya ce in gaya mata ya ji, ya gode. Na san wannan godiyar tasa, ma'anarta ba zai yi ba.

Ana haka sai masu jirgin ruwa suka ga kasuwa ta buɗe musu. Sarkawa ne, masunta, da manyan kwalekwale na katako masu inji a baya. Suka fara ƙetarar da mutane, daga nan suka koma ƙetarar da kaya, a ƙasa da gadar kaɗan, kowa na gani. Mai gishirina ya zo ya kwashe kayansa ta ruwa, motata ta zama fanko. Da Masta ya ji haka sai ya kira ni ya ce ga dabara: zai turo albasar ta jirgi, in loda a motata in wuce Accra, shi ya zauna da tasa motar har a buɗe. Na ce to. Ban ga aibin abin ba, kowa haka yake yi.

Da safe aka fara. Mai jirgin da Masta ya samu sunansa Mamman, magidanci ne, a kan kogin aka haife shi. Yadda suke lodi shi ne su zuba buhuna a cikin jirgi, su ɗora wasu a sama haka nan, babu igiya babu komai. Ni kaina da na ga zuwan farko sai da na ce wannan ai ganganci ne. A zuwa na gaba kuwa buhu biyu suka zame suka faɗa ruwa a tsakiyar kogi, a kan idon Masta, masu jan zare, na Hajiya Memuna. Ya kira ni yana huci. Ya ce waɗannan mutane ba su san darajar kayan mutane ba, ko yaron da ya yi wata ɗaya a mota ba zai yi irin wannan lodi ba.

Bayan azahar gabas ta fara haɗa hadari, ga sauran kaya a gaɓar Gaya a fili. In ruwa ya sauka a kansu, shi ke nan. Masta ya ce a kwashe su duka a zuwa ɗaya, kuma shi zai yi lodin. Ya ɗauko igiyarsa daga mota. Ya jera buhunan yana saɓa su kamar yadda ya koya mini, ya tayar da su sama, ya bi da igiya ta ƙarƙashin katakan da ke gicciye a cikin jirgin, ya ɗaure tamau. Daga baya na ji cewa Mamman ya hana shi. Ya ce masa su ba sa ɗaure kaya a ruwa. Masta ya ce shi ya sa kayanku ke zubewa. Wani tsohon Basarke ma ya sa baki, Masta ya ce tun kafin a haifi Mamman yake ɗaure albasa. Mamman ya dubi farin gemu, ya ji kunya, ya bar shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma Masta kukan mota ya sani.

Sai ya sake kira na ya ce zai biyo kayan da kansa, don ya ga an loda su daidai a motata. Na ce, "Masta, kai da ruwa?" Ya ce, "Ka tsaya a bakin gaɓa kawai, ka ga yadda ake kawo kaya."

Na tsaya. Ba ni kaɗai ba, direbobi ne cike da gaɓa, don ba mu da aikin yi sai kallon kogi. Da jirgin ya fito fili muka hango shi, lodi ya tashi tsaf, a miƙe, gefe da gefe daidai, Masta na zaune a samansa da farar hularsa. Wallahi yabawa muka yi. Wani direba ɗan Kumasi da ke kusa da ni ya ce ka ga aikin manya. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya ga kuskure. Masu jirgin da ke gefenmu ne kawai na lura sun daina hira, sun miƙe tsaye, wani ma ya fara kwance jirginsa.

Iskar hadarin ta iso lokacin da suke tsakiya. Kogin ya cika, ruwan ja wur, sai ya fara tashi yana dukan gefen jirgin. Na ga Mamman ya saki inji yana ɗaga hannu yana yi wa Masta magana. Na ga yana jan wani buhu na sama da ƙarfinsa, buhun ya ƙi motsi. Jirgin ya karkata, ya dawo. Ya sake karkata, sai lodin nan duka ya tafi gaba ɗaya kamar mutum guda, ya ja jirgin ya kife. Ba a ɗauki lokacin da za ka sha kofin ataya ba. Inda farar hula take sai baƙin gindin jirgi, ruwa na tafiya da shi.

Ban yi ihu ba. Durƙushewa na yi a cikin laka. Gaɓa ta ɗauki salati. Na ɗaga kai, ga gada a samanmu, lafiyarta lau, ƙarfe da siminti, wadda ta ɗauki Masta da lodinsa shekara da shekaru, babu kowa a kanta sai tsuntsaye.

Sarkawa suka bi da jiragensu cikin ruwan sama, suka tsamo Mamman da ransa. Masta ba su gan shi ba, jirgin kuma ruwa ya yi gaba da shi. Da aka kawo Mamman gaɓa yana rawar sanyi, na je na tsuguna a gabansa. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara magana. Ya ce su abin da ya sa ba sa ɗauri, in iska ta taso sai su ture buhunan sama a ruwa, jirgi ya yi sauƙi ya ɗago, a rasa kaɗan a tsira da sauran da rai. In ma jirgi ya karkata, kayan ne za su zube shi ya miƙe. Wuƙarsa kuwa tana can ƙarƙashin lodi, an danne ta.

"Na ce masa, Baba, kwance igiyar nan mu zubar da na sama. Na faɗa na sake faɗa. Ya ce mini kayan mutane ne."

Na kira Hajiya Memuna, don ban iya kiran gidansa ba. Na gaya mata abin da ya faru. Ta ce, "Ei, Seidu. Albasa fa. Albasa ne kawai." Daga nan ta fashe da kuka, na kashe wayar.

Washegari da hantsi aka aiko cewa an ga jirgin ya maƙale a ciyawar wani tsibiri can ƙasa. Na shiga jirgin Sarkawa na bi su, ni da ban taɓa yarda in taka kwalekwale ba, ban ma san na shiga ba. Suka jawo shi zuwa inda ruwa bai kai ƙirji ba, suka taru da yawa suka birkice shi. Lodin yana nan yadda aka yi shi, buhu a kan buhu, bai goce ba. Masta ma yana nan. Ya cusa hannunsa na hagu a ƙarƙashin igiya har kafaɗa, yadda muke yi in muna zaune a saman lodi mota na gudu, don kada mu faɗo. Igiyar ta sha ruwa ta ƙara tsukewa, ta riƙe shi.

Suka yi ta ƙoƙarin zare hannun, ya ƙi. Suka nemi bakin ƙullin suka rasa gane kansa. Wani ya zaro wuƙa zai yanke, na ce ya dakata. Ƙullin direba, duk tsaurinsa, ana barin masa wutsiya guda a waje, saboda ranar sauke kaya kada a ɓata lokaci. In ka san ta, ja ɗaya za ka yi. Na shiga ruwan na laluba, na same ta a gefen damansa, daidai inda hannunsa na dama yake, ko miƙewa ba sai ya yi ba.

Na kama ta da yatsa biyu na ja. Igiyar ta saki, buhunan suka gangara cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya ɗago sama da kansa, Masta ya zamo a hankali ya faɗo a hannuna.